Gargaren Keken Baba

Shekara takwas keken nan ya yi a rataye cikin zauren gidanmu na Kilomita Biyar, ƙafar gaba a sama, ta baya tana jingine da bango. Duk mai shigowa sai ya ɗan sunkuyar da kai kafin ya wuce, har baƙi suka saba da hakan. Gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin wayoyinsa, jar ƙurar Bangui ta rufe tambarin tsuntsun da ke goshinsa. Babu wanda ya ce a sauke shi, babu wanda ya ce a sayar. Idan yara suka tambaya, amsar ɗaya ce: na Baba ne, ƙafarsa ce ta lanƙwashe.

Abin da ya lanƙwashe shi ne zoben ƙarfen nan da taya take zama a kai. Mu 'yan nan janti muke ce masa, kamar yadda muka tsinta a bakin masu Faransanci. Baba kuwa har ya bar duniya gargare yake cewa, kuma da sunan da ya ba shi zan ci gaba da kiran sa.

Ƙirar Phoenix ne na birnin Shanghai, baƙi, mai birkin ƙarfe da kariya mai faɗi, irin wanda ake ɗora wa buhu bai yi ƙorafi ba. Baba ya saye shi a 1996, shekarar da sojoji suka yi ta bore a garin nan zamanin Patasse, ina da shekara goma. Ɗan koli ne shi: goro, turare, allura, zare, madubi, kwalli. Da an sallame sallar asuba zai ɗaure akwatinsa da igiyar roba ya kama hanya, yau Miskin, gobe kasuwar Kombata, ranar da ya ji ƙarfi har PK12 wajen masu shanu. Da wannan keke aka biya mana kuɗin makaranta, da shi aka aurar da yayata. Kowace Juma'a kafin masallaci sai ya kifar da shi a tsakar gida, ya goge wayoyin ɗaya bayan ɗaya da tsumma da ɗan baƙin mai. Ni ne mai riƙe masa gwangwanin man, kuma ban taɓa samun izinin hawa ba sai da na kai shekara goma sha biyar.

Ba sai na tsaya ba wa mutanen unguwar nan labarin abin da ya biyo bayan 5 ga Disamba 2013 ba, domin kowa yana da nasa. Namu ya zo ne a watan Janairu na 2014, kwanaki kaɗan bayan Djotodia ya sauka daga mulki, lokacin da gidajen Musulmi a Miskin suka fara zama kango. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta tsero zuwa wurinmu da 'ya'yanta da kayan jikinsu kawai. Kwana biyu tana kukan keken ɗinkinta, don shi ne gonarta, shi ne rumbunta. A rana ta uku Baba ya fita bai gaya wa kowa ba. Ya isa gidan, ya kwance kan keken ɗinkin daga teburinsa, ya naɗe shi da buhu, ya ɗaure a kariya. Keke a kan keke. A hanyar dawowa ya ji ihu a bayansa, bai tsaya duba ko da shi ake ba, ya taka feda iyakar ƙarfinsa. Wajen tsallake wani lambatu ƙafar baya ta daki bakin siminti da duk nauyin da ke kanta. Bai faɗi ba. Amma daga nan ƙafar ta ƙi juyawa, sai jan keken ya yi a ƙasa har ƙofar gida, taya tana kuka a jikin ƙarfe.

Keken ɗinkin ya iso lafiya, kuma har yau yana aiki a Garwa-Bulai. Can ayarin manyan motoci ya kai su a watan Fabrairu, Baba da Inna da Gwaggo da ƙannena, a saman kaya, sojojin Afirka suna yi musu rakiya. Ni aka bari in tsare gida da rumfa. Daren da za su tafi Baba ya rataye keken da hannunsa, ya ce mini: "Kada ka ba kowa ya taɓa shi. In na dawo zan kai wa Metir." Bai dawo ba. A 2017 ciwo ya kwantar da shi, aka binne shi a ƙasar Kamaru. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wahalar man fetur ta 2022 ce ta sa na ɗaga kai na dubi keken da idon mai buƙata. Layin gidajen mai ya kai inda ya kai, masu babur ɗin haya sun ninka kuɗi, ni kuma kullum sai na shiga gari karɓo kaya, ga kai yara makaranta. Wata Lahadi na sauke shi. Sarƙa ta daskare amma ba ta mutu ba, tayoyi sun ruɓe, sirdi ya tsage. Duk waɗannan kuɗi kaɗan ne. Da na kifar da shi na murza ƙafar baya sai ta yi rabin zagaye ta cije. Na sake murzawa da ƙarfi, na ga yadda gargaren yake kaɗa kai hagu da dama kamar mai musun magana. Masu Faransanci suna cewa ƙafa ta yi takwas, kuma wanda ya tsaya ta baya ya kalle ta zai ga dalilin.

A nan na yi karambani, kuma gara in faɗa da bakina. Na cire ƙafar, na shimfiɗa ta a ƙasa, na hau gefen da ya kumbura da duga-dugaina kamar yadda na taɓa ganin ana yi. Ta yi wata ƙara, kumburin ya bar inda yake ya koma wani wuri. Na ɗauko filaya na kama 'yan notocin da ke riƙe wayoyi a jikin gargare, na yi ta murɗa duk wadda na ji ta yi sako-sako. Tsatsa ta riga ta cinye su. Biyu suka gurje har filaya ta daina kama su, waya ɗaya ta tsinke ta tsallake idona da kaɗan. Kafin la'asar na mayar da ciwo ɗaya ya zama uku.

Washegari na kai ta wurin wani saurayi mai faci a bakin titin Kuduku. Bai ko karɓa ba, da ido ya auna ta. Ya ce: "Alhaji, wannan ai ta gama aiki. Sayi sabuwa gaba ɗaya, ko ka kawo keken in haɗa ka da mai sayen ƙarfe." Ban ga laifinsa ba. Kekunan da yake gani yanzu na gwanjo ne daga Turai, masu ƙananan ƙafafu da gargaren alminiyam, kuma a kansu gaskiya ya faɗa: alminiyam in ya lanƙwashe aka ce za a mayar da shi da duka, tsagewa yake yi. Hannunsa bai saba da baƙin ƙarfe irin na da ba.

Da na sa hoton a zauren WhatsApp na gidanmu sai magana ta rabu biyu. Ƙanena da ke Njamena ya ce in canza ƙafar kawai in huta, shi zai turo kuɗin. Yayata ta kira ni daga Garwa-Bulai, muryarta tana rawa. Ta ce ashe har na manta abin da Baba ya ce? Ta ce wannan lanƙwasar ita ce abu na ƙarshe da ya bari da hannunsa a gidan, in mayar da keken inda na same shi. Na ce mata: "Yaya, ai bai ce a bar shi har abada ba. Cewa ya yi zai kai wa Metir." Ta yi shiru, sannan ta ce: "To Metir ɗin yana raye ne?"

Tambayar da na yi shekara takwas ina kauce mata ke nan. Metir dattijo ne Kirista wanda rumfarsa take bayan kasuwa tun kafin a haife ni. Sunan aikinsa ya rufe sunansa na yanka, kowa Metir yake ce masa. Shi yake gyara wa Baba keke, Baba kuma ba ya wuce rumfar bai ajiye masa goro ba. A watannin da Seleka suka riƙe garin, bayan Maris na 2013, ya daina zuwa. Bayan Disamba kuwa babu mai tambayar inda wani ya shiga. Sai da na bi ta wurin wani tsohon mai tura amalanke na ji cewa yana nan da ransa, can bayan Fatima ta hanyar Petevo, yana aiki a gindin mangwaro.

Tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a a ƙafa ba, amma na kwana uku ina ɗaga ta. An daɗe da buɗe hanyoyi, na sani. Na ga ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Fafaroma Francis ya shigo babban masallacinmu, jama'a suka bi motarsa har wajen unguwa, wasu karo na farko cikin watanni. Na ga yadda yarjejeniyar Fabrairun 2016 ta sake ba mu damar kai gawawwakinmu maƙabartar Boeing. Kullum ina shiga gari ta titin Boganda ba tare da fargaba ba. Amma Fatima daban ce a zuciyata. Sau biyu aka kai wa cocin unguwar hari, a Mayun 2014 da Mayun 2018, aka kashe masu ibada har da limamansu, kuma unguwarmu aka nuna da yatsa. Ban san da wace fuska zan ratsa ta gaban cocin nan da hula a kaina ba. A ƙarshe na rataya ƙafar keken a kafaɗa na tafi. Na lura mutum in yana ɗauke da abin gyara ba a cika kallon sa sau biyu ba, kowa ya san inda za shi.

Na same shi zaune a kan wani guntun benci, ya rame, gashinsa ya yi fari fat, tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi da Sango, ya amsa bai ɗago ba, ya miƙo hannu ya karɓi ƙafar. Ya juya ta, ya shafa cibiyarta da babban yatsa, ya bi saƙar wayoyin da kallo. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wannan saƙata ce," in ji shi. "Ɗan Malam ne kai. Ina mai keken?"

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce Allah ya ba shi wurin hutawa, na ce amin. Na tambayi iyalinsa, ya ce suna nan, waɗanda suka rage. Ban tambaye shi su wa suka rage ba, shi ma bai tambaye ni abin da na yi a shekarun nan ba. Na lura kayan aikinsa ba su kai rabin waɗanda na sani a tsohuwar rumfa ba. Wannan ma ban tambaya ba.

Yana da gindin wani mataccen keke da ya kifar ya kafe a kan kututture. A nan ya ɗaura ƙafar, ya murza ta, ya matso da guntun alli a hankali har ya fara taɓa gefen gargaren. Duk inda ƙarfen ya karkato sai allin ya bar fari. Ya yi haka ta hagu, ya yi ta dama, ya yi ta sama. Sannan ya bi wayoyin yana fizgar kowace da farce kamar mai gwada tsirkiyar garaya, yana kasa kunne. Wasu suka yi ƙara siririya, wasu suka yi ɗif kamar igiyar shanya. Da ya zo kan notocin da na gurje ya tsaya.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne, Papa.

"Babanka bai taɓa sa filaya a nan ba," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Abin da ya koya mini a zaman nan ban taɓa jin sa ba duk shekarun da na yi ina riƙe gwangwanin mai. Ashe gargare shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, mutum zai iya lanƙwasa shi da gwiwa. Abin da ke tsayar da shi wayoyin nan ne, arba'in a ƙafar baya ta irin wannan keke, talatin da biyu a ta gaba. Rabi suna tafiya gefen hagu na cibiya, rabi gefen dama, a jere bi da bi, kowace tana ja da ƙarfinta. Idan ja ya yi daidai sai zoben ya tsaya a tsakiya. Idan ya karkata hagu, sai a ɗan ɗaure wayoyin dama na wurin, a ɗan sassauta na hagu. Kuma ba a yi da yawa: rubu'in murɗi, a juya, a duba, a ƙara. Duk wayar da aka taɓa sai maƙwabtanta sun ji a jikinsu, har da wadda ke can ɗaya ɓangaren. Shi ya sa mai gaggawa yake korar karkata daga nan ta ɓullo a can, kamar yadda na yi.

Wannan ita ce cuta mai sauƙi, in ji shi, wadda ƙarfe lafiyarsa lau, ja ne kawai ya saɓa. Ta biyu ita ce wadda ƙarfen kansa ya sha duka. Ya nuna mini wurin, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, inda bakin simintin nan ya tura gargaren ciki wajen cibiya. Wayoyi huɗu na wurin duk sun saki, babu abin da suke riƙewa. "Ka ga nan? Ko na kwance su gaba ɗaya ba zai fito ba. Waya ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba." Irin wannan sai guduma. Ta uku kuma ba a ganin ta sai an cire taya da ƙyallen da ke ƙarƙashinta. Ya ɓare ƙyallen, sai ga tsatsa ta yi ɓawo a cikin kwarin gargaren, ta fi yawa daidai inda ya daku, don a nan fenti ya fashe damina takwas suka samu ƙofa. Ya ƙwanƙwasa da sufana, ya saurara, bai ce komai ba.

Ya ɗiga wa kowane noti kananzir gauraye da baƙin mai, ya ce in dawo bayan kwana uku. Na ce ba za a iya yau ba? Ya ce abin da ya yi shekara takwas yana cijewa ba zai saki don ina sauri ba.

Ranar da na koma na zauna tun hantsi har azahar ina kallo. Ya kwance wayoyin wurin dukan, ya sa guntun katako mai tauri ta ciki, ya dinga bugun katakon da guduma, bugu ɗaya, dubawa ɗaya. Ƙarfen ya dinga fitowa kaɗan-kaɗan kamar mai jin kunya. Ya daidaita leɓen gargaren da ya buɗe, ya kankare tsatsa, ya shafa mai. Ya sa sababbin wayoyi uku a madadin waɗanda na kashe. Daga nan aka shiga dogon aikin: ɗan makullinsa mai tsaga a hannun dama, alli a hagu, rubu'in murɗi, juyi, dubawa. Bakinsa yana ta maimaita "yeke yeke", wato sannu-sannu, ban sani ba ko da ni yake ko da ƙarfen. Lokaci-lokaci sai ya cire ƙafar ya dafe ta a ƙasa da tafukansa, wayoyin su yi ƙas-ƙas su zauna, ya mayar ya sake dubawa. Farin allin ya dinga gajarta har ya ɓace daga gefe biyun.

Ta sama ce bai ɓace ba. Duk zagaye ɗaya sai gargaren ya ɗan yi sallama a wuri guda, ƙasa da kaurin tsinken ashana biyu, amma ido yana gani. Na ce a ƙara masa guduma mana. Ya girgiza kai, ya ce ƙarfen wurin ya yi siriri, bugu ɗaya nan gaba zai iya zama na ƙarshe. Sannan ya faɗa mini magana a fili, kuma ina so a rubuta cewa ya faɗa: "Zai ɗauke ka kai kaɗai. Kada ka ɗora masa kaya. In kana son keken aiki, nemo sabon gargare in juye maka." Na ba shi jaka biyu, ya mayar mini da ɗaya. Na ajiye masa goro a kan benci kamar yadda na ga ana yi.

Wata biyar na yi ina hawan sa a haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Birkin irin wannan keke ta cikin gargare yake kamawa, saboda haka duk lokacin da na ja shi sai in ji wurin nan yana wucewa, kama, saki, kama, saki. A kan kwalta mai laushi ma ina jin sa a sirdi, ɗan tsalle guda a kowane zagaye. Na san daidai abin da nake ji: bakin lambatun nan ne na hanyar Miskin. Na aika wa yayata murya na ce mata an gyara kuma ba a taɓa abin Baba ba, yana nan ina jin sa kullum. Ta yi kuka, ta sa mini albarka. A raina na ɗauka na raba gardama, kowa ya samu abin da yake so.

Sai na fara ɗaukar 'yata zuwa makaranta. Shekararta shida, ba ta kai nauyin rabin buhun shinkafa ba. Na gaya wa kaina cewa yarinya ai ba kaya ba ce. Daga baya na fara haɗawa da ɗan kwalin sabulu in zan wuce rumfa, shi ma na ce ba kaya ba ne.

Wata safiya a titin Kuduku, bayan ruwan dare, na kauce wa rami na faɗa wani. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, har mutanen bakin titi suka watse, don kunnen unguwar nan bai manta ba. Leɓen gargaren ne ya tsage daidai wurin nan, taya ta zame, iska ta fashe. Keken ya kwanta da mu. Wata babbar mota da ke bayanmu ta ja birki, ta tsaya a inda nake iya karanta lambarta daga kwance. Yarinyar ta gurje gwiwa da gwiwar hannu, jini yana bin farar safarta. Ba ta yi kuka nan da nan ba, sai ta dube ni ta ce: "Abba, keken Kaka ya mutu?"

Maiɗakina ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, sannan ta tambaye ni ko Metir ya san ina ɗaukar yarinya a kai. Na ce ya hana. Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuma ban yi barci ba a daren.

Neman sabon gargare ya ci mako uku. Kasuwarmu da ake cewa babu abin da babu a cikinta, na zagaye ta rumfa-rumfa, duk wanda na samu mai huji talatin da shida ne, cibiyar Baba kuwa arba'in take so. Wani ɗan kasuwa ya yi mini alkawarin sa shi cikin kayansa daga Duwala, ya biyo hanyar nan ta sama da kilomita 1,400, ta Garwa-Bulai da Buwar. Na yi tunanin motar za ta wuce kusa da inda Baba yake kwance. Da ya iso na kai wa Metir tare da tsohuwar ƙafar. Ya kalli tsagar, ya kalle ni, ya tambayi lafiyar yarinyar, don labari ya riga ni isa. Na ce da sauƙi. Ya ce to, madalla. Bai tuna mini abin da ya faɗa ba.

Yadda ya yi juyen ya ba ni mamaki. Na ɗauka zai wargaza komai ya sake saƙa daga farko. Sai ya jera sabon gargaren a jikin tsohon, hujin bawul daidai da hujin bawul, ya ɗaure su tare da tsumma a wuri uku. Ya sassauta wayoyin duka, sannan ya dinga cire kowace daga tsohon huji yana sa ta a na kusa da shi a sabon, ɗaya bayan ɗaya, har arba'in ɗin suka ƙaura ba wadda ta ɓata layinta. Da ya kwance tsummokin sai tsohon gargaren ya faɗo ƙasa shi kaɗai, fayau, ba nauyi. Cibiyar ta Baba ce, wayoyi talatin da bakwai na Baba ne, saƙar ta Metir ce tun ta farko. Ya sake ɗaukar alli da makulli, aka koma yeke yeke har la'asar. Wannan karon farin ya ɓace ta ko'ina.

Na dawo gida a kan keke, tsohon gargaren rataye a wuyana. Tafiyar ta yi santsi har na dinga jan birki ba dalili, ina jiran abin da ba ya nan. Niyyata in mayar da gargaren kan ƙusar zaure, in ɗauki hotonsa in aika wa yayata, wadda har lokacin ban gaya mata an canza ba. Na jingine shi a ƙofar gida na shiga alwala.

Da na fito babu shi. Can ƙarshen lungu na hango ɗana, wanda aka haifa bayan tafiyar ayarin nan, bai taɓa ganin kakansa ba sai a hoto. Ya samo guntun kara ya sa a kwarin gargaren yana kora shi a guje, yara huɗu suna bin sa suna roƙon a ba su dama. Ƙanwarsa tana biye da su a baya da bandeji a gwiwa. Duk zagaye ɗaya sai gargaren ya yi ɗan tsallen nan nasa a kan jar ƙasa, yaran su yi shewa. Na buɗe baki zan kira shi, sai ladan ya tayar da sallar magariba, na saka takalmi na nufi masallaci. Har na dawo ba su gaji ba.